Aksul da difa: gyara, loka, ko sauya aksul ɗin gaba ɗaya?

Duk mai mota fowil, ko ma motar da tayoyin baya ne ke ja, wata rana sai wannan shawarar ta same shi. Ko aksul ya fara kuka a kan titi, ko motar ta kafe a ɗan taɓon da bai kai ya kawo ba, ko kuma an sa mata manyan tayoyi sai ta dawo ba ta iya hawa sai da giya ɗaya. To daga nan fa kowa sai ya zama gwani, wannan ya ce a canza kan aksul ɗin, wancan ya ce loka ce maganinta, wato abin da ke ɗaure tayoyin biyu su juya tare, wani ya ce a yi mata walda kawai a huta, wani kuma ya ce ai sai an ɗauko aksul ɗin babbar mota an dasa. Duk cikinsu akwai mai gaskiya a wani wuri, matsalar dai ba ciwo ɗaya suke magani ba. Ni abin da na tsaya a kai shi ne, girman tayarka da irin ƙasar da kake bi su ne za su zaɓa maka, kuma akwai tsari: a fara gyara abin da ya lalace, sannan rashiyo, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya, sannan maganar loka, ƙarfin shaf da sauya aksul su ne na ƙarshe. Wanda ya fara daga ƙarshen nan yawanci sau biyu yake biyan kuɗin aiki.

Mu fara da kukan, don da yawa ana buɗe difa, wato giyoyin tsakiyar aksul da ke raba ƙarfi ga tayoyin biyu, alhali ba ita ce mai laifi ba. In ƙugin yana ƙaruwa da gudu kuma yana canzawa idan ka karkata sitiyari hagu ko dama, to boris ɗin taya ne, ba ruwan difa. In kuma kukan yana zuwa idan ka taka totur ya ɗauke idan ka saki, ko akasin haka, to haƙoran kirawun (babbar giyar difa) da finiyan (ƙaramar giyar da ke juya ta) ne ba sa haɗuwa daidai ko boris ɗin finiyan ya saki. Ƙas-ƙas-ƙas a kwana daga gaba, wannan joyin ɗin shaf ne. Gwaf ɗin nan da kake ji idan ka sa giya ko ka saki totur da sauri, duba kuros ɗin farfela tukunna kafin ka zargi difa. Sannan a juye man giya a duba, ɗan baƙin gari a jikin maganaɗisun noti ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe ko gutsuren haƙori, ko man ya koma fari-fari saboda ruwa ya shiga, to dole a buɗe.

Da an buɗe zaɓi na farko ya zo: a gyara naka ko a nemo na hannu a ɗora. Na hannu ya fi sauri, musamman a irin su Toyota da Nissan da Land Rover da Ford 9-inch, waɗanda ake kwance kan difar gaba ɗaya ta gaba a fito da shi a ajiye a kan teburi. Kwance noti, zare shaf, cire wancan, sa wannan, shikenan. Kuma saitin da aka yi a kamfani in dai ba a taɓa shi ba yakan fi na bakaniken da ba shi da kayan awo kyau nesa ba kusa ba. Amma fa ba ka san me ya gani a rayuwarsa ba, kuma dole ne, dole, rashiyonsa ya zama ɗaya da na ɗaya aksul ɗin. Ka ƙirga haƙora da kanka, kirawun 41 finiyan 10 shi ne 4.10, 43 da 10 shi ne 4.30, 41 da 9 shi ne 4.56, 39 da 8 kuma 4.88. In gaba 4.10 ne baya 4.56, ranar da ka sa fowil a ƙasa mai tauri gaba da baya za su yi ta kokawa da juna har wani abu ya karye, ko a tiransifa, giyar da ke raba ƙarfi gaba da baya, ko a farfela ko a difar kanta. Irin aksul ɗin kamfanin Dana da na GM na Amurka kuwa a cikin kwanson aksul ɗin ake saita komai, murfi ne kawai a baya, to su na hannunsu yana nufin aksul sukutum, sai an duba ko bai lanƙwashe ba.

Gyaran kuma ya fi tsada a kuɗin aiki, amma ka san abin da ke ciki. Sai dai gaskiya ba kowane gareji ne ya iya shi ba, kuma nan ne nake so mutane su fi taka-tsantsan. Kirawun da finiyan tare aka goga su a kamfani, tare ake canza su, ba a haɗa sabon finiyan da tsohon kirawun. Akwai abu huɗu da sai an auna: zurfin shigar finiyan, matsin boris ɗin finiyan, matsin boris ɗin gefe, da ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, wanda a yawancin motoci bai wuce 0.13 zuwa 0.25 na milimita ba, ya danganta da littafin motar. Wannan ba da ido ko da jin hannu ake gane shi ba, agogon awo ake sawa, sannan a shafa fenti na musamman a haƙoran a juya a ga inda suke taɓa juna, in tabon ya taru a saman haƙori ko can gindi sai a sake shim, siririn ƙarfen da ake cike tazara da shi, a sake gwadawa, wani lokaci har sau da yawa. Ka tambayi mai gyaran kai tsaye, yana da agogon, yana da fentin, yana da abin auna matsin boris? In ya ce shi da jin hannu yake yi, to na hannu mai kyau ya fi maka alheri. Boris kuma a sa na kirki irin su Timken ko Koyo ko SKF ko NSK, don boris mai arha in ya saki shi ne zai cinye maka sabbin haƙoran. Wani ɗan abu kuma, akwai bututun da ake matsewa ya lotsa tsakanin boris biyu na finiyan, sau ɗaya ake amfani da shi, ba a maido tsoho. Masu shiga daji sosai sun fi son a sa mai tauri da shim a madadinsa, don duka da jijjiga ba sa sa shi ya ƙara lotsewa matsin ya tafi.

To in dai za a buɗe, lokacin tunanin rashiyo kenan, saboda kuɗin aikin ɗaya ne. Lissafin ba wuya: tsohon rashiyo sau sabuwar taya, a raba da tsohuwar taya. Motarka ta zo da taya inci 31 da 4.10, ka sa mata inci 35, to kamar ka mayar da ita 3.63 ne, wato wajen kashi 11 cikin ɗari na ƙarfin ja ya tafi, shi ya sa take neman giya a ɗan hawa, kuloci yana wahala wurin tashi, in otomatik ce kuma giyar tana zafi tana ta canje-canje. Don ta dawo yadda take kana buƙatar 4.63, babu shi a kasuwa, sai ka zaɓa tsakanin 4.56 da 4.88. A nan ni 4.88 zan ɗauka in injin ƙarami ne ko motar tana ɗaukar kaya ko tana jan tirela, don babbar taya ba tsayi kawai ta ƙara ba har da nauyi, ga iska tana ƙara riƙe motar da aka ɗaga. In kuma babban injin dizal ne mai ƙarfi tun daga ƙasa kuma doguwar tafiya a kwalta ta fi yawa, 4.56 ya fi kwanciyar hankali. Wanda ya tashi daga 31 zuwa 33 kawai, lissafi ya ba shi 4.36, gaskiya da yawa za su iya zama da 4.10 ɗinsu ba tare da damuwa ba, ban ga dalilin buɗe aksul biyu masu lafiya saboda wannan ba. Kuma kar a ɗauka ƙara lamba kullum riba ce, 5.29 na Toyota haƙoran finiyansa 7 ne kacal, finiyan ya ƙanƙance, haƙoran da ke riƙe juna a lokaci ɗaya sun ragu, ga inji yana ihu a babban titi. A Dana kuma akwai wani tarko, kwandon difar, wanda ake ɗaure kirawun a jikinsa, iri biyu ne, a Dana 44 na 3.73 zuwa ƙasa daban, na 3.92 zuwa sama daban, in ka tsallaka iyakar sai ka sayi sabon kwando ko kirawun mai kauri. To tunda za ka sayi kwando, ai gara ya zama loka ko LSD, wato difa mai rage wulwulawar taya ɗaya, kawai.

Ga inda maganar ta fi faɗi. Difar da yawancin motoci ke zuwa da ita, buɗaɗɗiya, aikinta ta bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, kuma tana yin wannan da kyau, ba ƙara ba cin taya. Aibinta ɗaya ne, ƙarfin da take ba tayoyin biyu daidai wa daida ne, kuma tayar da ta fi rashin kamu ita ce ke yanke yawansa. Kamar ruwa ne, inda ya fi gangare nan yake bi. Taya ɗaya ta hau taɓo ko ta ɗaga sama, sai ta yi ta juyawa a banza, ta biyun da ke kan busasshiyar ƙasa tana tsaye. Shi ya sa za ka ga fowil ta kafe alhali taya biyu ne kawai ke wulwulawa, ɗaya gaba ɗaya baya. Duk sauran nau'o'in ƙoƙarin magance wannan suke yi, kowanne da abin da za ka biya a madadin.

LSD mai kuloci ita ce tsohuwar hanya, faifai ne a ciki da sifirin suna matse juna don kar taya ɗaya ta gudu ta bar 'yar'uwarta. A titi mai santsi da tsakuwa da yashi mara zurfi tana taimakawa sosai kuma ba ruwanka da danna komai. Ta bayan Nissan Patrol ta yi suna wurin riƙo. Amma faifan suna cinyewa, bayan shekaru sai ta dawo buɗaɗɗiya ba ka ma sani ba, kuma tana son mai na musamman mai sinadarin LSD, in babu za ka ji tana gurnani tana karkarwa a kwana. Gwajinta mai sauƙi ne, ɗaga tayoyin baya biyu a jak ka juya ɗaya da hannu, in ta biyun ta bi ta gefe ɗaya to akwai sauran rai a faifan. In motarka da ita ta zo, sabunta faifan ya fi komai arha, amma in sabuwa zan saya daga farko, ba ita zan ɗauka ba.

Wadda zan ɗauka ita ce mai murɗaɗɗun haƙora, irin Torsen ko Detroit Truetrac na kamfanin Eaton. Babu faifai babu sifirin, haƙora ne kawai da ke cizon kwando idan ƙarfi ya shigo, don haka ba abin da zai cinye kamar na kuloci, ba ta son wani sinadari a mai, ba waya ba bututun iska, ba ƙara. Audi sun daɗe suna sa Torsen a tsakiyar quattro, motar sojan Amurka ɗin nan Humvee ma ita ce a cikinta. Yadda take aiki shi ne tana ninka kamun tayar da ke santsi wajen sau biyu zuwa uku ta miƙa wa mai kamu. Ka ga inda raunin yake kenan, in tayar ta ɗaga sama gaba ɗaya kamunta sifili ne, sifili kuma ko sau nawa ka ninka shi yana nan sifili. Dabarar ita ce ka ɗan taɓa birki kana ba da wuta, birkin ya zame wa tayar saman abin turawa, sai ƙarfi ya tsallaka. Motocin zamani masu na'urar hana santsi irin A-TRAC na Toyota su da kansu suke taɓa birkin, shi ya sa haɗin nan biyu yake yin kyau ƙwarai. Ga mutumin da yawancin tafiyarsa kwalta ce da burji, sai jefi-jefi yashi da laka, wallahi ban ga abin da ya kai ta ba, kuma tana cikin kaɗan da za ka sa a gaba sitiyari bai zame maka wahala ba.

Daga nan sai lokoki na gaske, masu ɗaure tayoyin biyu su zama abu ɗaya. Akwai mai yin kanta, Detroit Locker ce uwa a nan, a ɗaure take kullum in kana ba da wuta, sai a kwana ta saki tayar waje ta yi gaba. Ƙarfinta ba a magana, ba abin da zai tsinke mata na waya ko iska, masu hawa duwatsu da motocin aiki a daji sun daɗe da ita. Amma zama da ita a gari sai haƙuri, tana ƙas-ƙas a kwana, wani lokaci ta yi gwaf kamar wani abu ya karye, in ka ba da wuta a tsakiyar kwana sai motar ta nemi miƙewa, a titin da ruwa ya jiƙa ko ƙanƙara bayan motar na iya zamewa gefe tunda tayoyin biyu tare suke sakin kamu. Gajeriyar mota mai giyar hannu ta fi jin wannan, doguwa mai nauyi mai otomatik ba ta cika damuwa ba. Akwai ƙanwarta mai arha, irin su Lock-Right da Aussie Locker, ita ƙananan giyoyin cikin kwandonka kawai ake cirewa a sa ta, ba sai an sake saitin kirawun ba, mutum mai ɗan sani zai iya sa ta da kansa. Halinsu ɗaya da babbar, sai dai ƙarfinta bai wuce ƙarfin tsohon kwandon da fil ɗinsa ba, to ka da a haɗa ta da manyan tayoyi da ƙafa mai nauyi. Kuma don Allah kar a sa irin waɗannan a gaban motar da fowil ɗinta a kunne yake kullum, irin Land Cruiser 80 ko Defender, sitiyarin zai zama abin tsoro a kan titi.

Sai wadda kai ne ke kunnawa. Wannan ita ce mai ba ka duka biyun, a titi buɗaɗɗiya ce lafiya lau, a daji ka danna ta ɗaure kam. Ita ce kamfanoni da kansu suke sawa a motocin da suka yi don wahala, G-Class na Mercedes loka uku gare ta, Wrangler Rubicon tun fitowarta a 2003 da Dana 44 gaba da baya da loka a kowanne, wasu Land Cruiser 70 da 80 ma da su suka fito. A kasuwa akwai ta iska, ARB na Ostareliya su suka fi suna, tana kamawa nan take kuma kwandon yana da ƙarfi sosai, ga kwamfuresan in babba ne zai yi maka amfani wurin mayar da iskar taya bayan ka fito daga yashi. Amma sassan sun yi yawa, kwamfuresa, bawul, bututu, 'yan robobin cikin difa, ko ɗaya ya yi yoyo loka ta tafi, kuma yawancin matsalarta daga hannun mai sawa take, in ya ji wa robar ciwo ko ya bi da bututu kusa da salansa. Ta lantarki irin Eaton ELocker waya biyu ce kawai da maɓalli, ta fi sauƙin sawa, sai dai wasu samfuranta sai taya ta ɗan juya kafin su kama, kuma idan ka koma ribas sukan saki na ɗan lokaci kafin su sake kamawa, a kan dutse wannan ɗan lokacin yana da muhimmanci. Ta Toyota ta asali ɗan ƙaramin injin lantarki ne ke motsa ta daga wajen kwanso, in an bar ta shekara ba a kunna ba tsatsa da ruwa suna kashe ta, don haka a riƙa motsa ta lokaci-lokaci a kan burji. Akwai kuma ta kebul irin OX, liba ce kake ja da hannu. Duk cikinsu wannan rukunin ya fi tsada, kuma yana son direba mai lura, ana kunnawa ne kafin a shiga matsala, a tsaye ko a hankali, ba lokacin da taya ɗaya ke wulwulawa da gudu ba, kuma da an fito a kashe.

Walda kuwa, wato a narke ƙananan giyoyin a haɗe su, na san tana jan hankali saboda kusan kyauta ce, amma araha ba ta ado. A motar da ba ta hawa titi ko kaɗan, a aksul ɗin baya, to wannan maganar mai ita ce. A motar da ke ɗaukar mutane a kwalta ban yarda da ita ba sam, kowace kwana tayar ciki tana gurzar ƙasa, shaf yana murɗewa, taya na cinyewa, in an yi ruwa motar ba ta jin magana, kuma in waldar ta fashe gutsattsarinta ne za su bi haƙoran kirawun su gama da shi.

In kuɗin loka ɗaya ne da kai, baya za ka sa. A hawa nauyin mota baya yake komawa, shaf ɗin baya ya fi kauri, ba shi da joyin ɗin lanƙwasa, kuma ba ya taɓa sitiyari. Lokar gaba tana da amfani sosai a motoci masu gaban da kowace taya ke motsi ita kaɗai, irin Land Cruiser 100 da sabbin Hilux da Prado, don su da wuri suke ɗaga ƙafa sama, amma a nan ne kuma aka fi karya joyin. Sitiyari a murɗe har ƙarshe, loka a kunne, wuta da yawa, taya ta yi tsalle ta dira ta kama ƙasa, ƙarar da za ka ji kenan. Wani abin kiyayewa, difar gaban Land Cruiser 80 da wasu Jeep finiyansu a sama yake da haƙoran da aka yanka ta baibai don su yi ƙarfi in ana tafiya gaba, to jan wata mota da ribas yana ɗora nauyin a gefen haƙori mara ƙarfi, da yawa a nan suke zubar da haƙora. Juya motar, ka ɗaura igiyar a bayanta, ka ja kana tafiya gaba.

Wannan ya kawo mu ga ƙarfi, don loka tana iya tura duk ƙarfin aksul ga shaf guda ɗaya. Zaɓi biyu ne, a ƙarfafa wanda ke akwai ko a sauya aksul. Shaf na ƙarfen 4340 yana jure murɗa fiye da na asali, kuma ana samun joyin irinsa na gaban Toyota, tsofaffin Land Rover masu shaf mai haƙora 10 ana mayar da su masu 24. Kauri ma yana da tasiri fiye da yadda ido ke gani, shaf ɗin Dana mai haƙora 30 kaurinsa inci 1.31, mai 35 kuma inci 1.5, bambancin kaɗan ne amma ƙarfin murɗa ya ƙaru da wajen rabi. Sai dai ka sani duk abin da ka ƙarfafa, raunin ba ɓacewa yake ba, matsawa yake zuwa na gaba. Shaf ya daina karyewa sai kirawun ya fara, kuma shaf a bakin hanya ana canza shi, kirawun kuwa sai gareji. Shi ya sa girman kirawun ne iyakar gaskiya: Dana 30 da Dana 35 'yan inci 7 da wani abu ne, Toyota ta Hilux inci 8, Dana 44 inci 8.5, bayan Land Cruiser 9.5, Dana 60 kuma 9.75, 14-bolt na GM 10.5. A yadda na ga abin, inci 8 da Dana 44 suna zaune lafiya da taya 33, suna ɗaukar 35 in direban mai hankali ne, daga 37 zuwa sama da loka da duwatsu kuwa maganar manyan ce. Dana 35 ita ban ba da shawarar a zuba mata kuɗi ba ma, ba don ƙanƙanta kawai ba, yawancinsu wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe shaf daga ciki, in shaf ya karye taya da birkinta suna iya zarewa su fita. Ka kwatanta da aksul ɗin da tayar ke zaune a kan boris biyu a jikin kwanso, shaf aikinsa juyawa kawai ba ɗaukar nauyi ba, irin na 14-bolt da bayan yawancin Land Cruiser 70 da Defender, in ya karye sai ka zare shi ka toshe bakin ka lallaɓa da fowil. Mai ɗaukar kaya masu nauyi zuwa nesa, wannan bambancin ya fi masa loka muhimmanci.

Amma sauya aksul ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kuɗin aksul ɗin shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Faɗi sai ya dace, ƙullin difar gaba sai ya faɗo gefen da farfela ke fitowa daga tiransifa, mazaunin sifirin da na shokoba sai an yanke an sake waldawa a kusurwar da finiyan zai kalli farfela daidai in ba haka ba jijjiga ba za ta ƙare ba, ga sandunan sitiyari, ga birki da sai ya yi daidai da masta, ga ramukan noti, Toyota mai shida ce ko biyar, manyan na Amurka takwas, wato sabbin rim. In motar mai ABS ce, na'urar tana son ganin irin siginar da ta saba, in ba ta gani ba fitilu za su cika dashbod kuma na'urar hana santsi ta daina aiki. Babban ƙulli kuma ya fi kusa da ƙasa, Dana 60 da taya 33 sai ka ga ya fi tsohon aksul ɗinka taɓa dutse, ga nauyi da ke ƙara tsalle a kan burji da shan mai. A ƙasashe da dama ma irin wannan canji sai an kai mota an duba an amince, kuma sai kamfanin inshora ya sani. Walda a sitiyari da mazaunin aksul rayukan mutane ne a kai, ba wurin koyon aiki ba ne.

To in an tattara mutum-mutum, mai motar gida ko motar aiki da taya ta asali wadda aksul ɗinta ya yi kuka, gyara mai kyau ko na hannu mai rashiyo ɗaya ya ishe shi, kar wani ya sa shi kashe kuɗin loka. Mai yawan bin burji da yashi da laka da taya har 33, mai murɗaɗɗun haƙora a baya, in da hali a gaba ma. Wanda ke shiga inda taya ke ɗagawa sama, kwazazzabai da duwatsu, kuma da motar yake zuwa aiki, loka mai kunnawa a baya, ta iska in yana son kwamfuresa, ta lantarki in yana son sauƙi, a canza rashiyo a rana ɗaya in taya ta kai 35. Motar da daji ne gidanta, Detroit a baya ba za ta ba shi kunya ba. Sauya aksul kuwa sai wanda ya riga ya karya na yanzu fiye da sau ɗaya ko ya tabbata 37 zai sa.

Kowanne ka zaɓa, sabbin haƙora suna son lallaɓawa. Tafiyar farko kar ta wuce kilomita 25 zuwa 30, a tsaya ƙullin ya huce sarai, a maimaita, ba gudu mai yawa ba jan tirela har wajen kilomita 800, sannan a juye man a zuba sabo, GL-5, 75W-90 ko 80W-90, in ana jan kaya a zafi 85W-140, sinadarin LSD kuma ga mai kuloci kawai. A kuma gyara agogon gudu in taya ko rashiyo sun canza. Sannan ɗan bututun numfashin nan da ke saman aksul, a duba shi, in ya toshe zafi zai turo mai ta sil ya ɓata birki, in kuma gajere ne, aksul mai zafi yana shiga ruwan sanyi zai zuƙo ruwa ciki. A sa masa doguwar roba a kai bakinta sama cikin bonet, gaba da baya har da giya da tiransifa, kuma duk ranar da aka tsallaka ruwa mai zurfi a kwance noti a duba launin man.